Rasuwar Inna Nas da Teburin Lambobin da Ta Bari a Kwance

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Adana Lambobin Yabo na Soja da na Farar Hula ke sanar da mambobinta, da iyalan tsofaffin ma'aikata, da sauran jama'a, rasuwar Uwar Ƙungiya, Mataimakiyar Shugaba ta Farko kuma Mai Kula da Ɗakin Ajiya, Hajiya Babbar Ma'aikaciyar Jinya mai ritaya, wadda babba da yaro ke kira Inna Nas. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki da ta ɗauke mata magana.

Marigayiyar ta yi aikinta a ɗakin masu rauni na asibitin soja, kuma a can ta koyi abin da daga baya ya zama hasken ƙungiyar nan. Majinyata kan rataye kakinsu a gefen gado, ita kuwa, don ta ɗauke musu hankali daga zafin wankin ciwo, sai ta riƙa tambayarsu ma'anar launukan ƙyallen da ke ƙirjin rigar. Da haka ta san cewa 'yar maƙalar ƙarfen da ake gicciyawa a kan ƙyalle, wata tana faɗin fagen yaƙin da mutum ya halarta, wata kuma tana nuna an sake ba shi lambar karo na biyu. Ta san bambancin tauraron azurfa da na tagulla, da ɗan ganyen ƙarfen da ake maƙala wa wanda aka yaba da jarumtarsa. Bayan ta yi ritaya ta zauna a ɗakinmu na ajiya da gilashin ƙara girma da hantsaki, tana duba abin da 'ya'ya da jikoki ke kawowa a gwangwani ko a ƙulle cikin tsumma. Idan ta ga lamba da ƙyallen da ba nata ba, takan ce an sa wa baiwar Allah rigar aro, kuma ba ta tashi sai ta cire mata ita. Shi kansa Mai Girma Shugaban Ƙungiya ya sha wannan gyara a kan tasa lambar a gaban mutane, ya kuma yi godiya.

Wajibi ne mu gaya wa jama'a halin da wannan rashi ya bar mu a ciki. A watan jiya rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin da ke ɗauke da lambobin da iyalai da dama suka ba mu amana don a tantance musu. Gudun kada tsatsa ta ci ƙyallayen, marigayiyar ta warware komai: ta zare kowane ƙyalle daga lambarsa, ta ɓalle maƙalu da taurari da ganyayyaki, ta shanya su a dogon tebur bisa wani tsari da ke cikin kanta, da niyyar mayar da kowanne gurbinsa idan sun bushe. Kafin su bushe ta faɗi a ƙofar ɗakin. Shugaba da Ma'aji sun ɗauki hoton teburin a waya sun kai mata asibiti. Ta daɗe tana kallo, ta ɗaga yatsan hannun da ke motsi ta nuna wani ƙyalle mai ratsin kore, bakinta ya yi ta ƙoƙari, amma kalma ba ta fito ba. Da hawaye ya zubo mata, babbar 'yarta ta roƙe su su mayar da wayar aljihu.

Mun gwada abin da za mu iya. Lambobin da ke da sunan mai su a gefe mun ware su, sai dai maƙala ba ta da suna, tauraro ma haka. Hotunan da iyalai suka kawo yawancinsu baƙi da fari ne, ba sa nuna launi. Matar wani marigayi ɗan kwana-kwana, wanda ya sami maƙalar karo na biyu a gobarar da ta zama ajalinsa, ta zo ta tsaya a gaban teburin, muka nuna mata maƙalu masu kama da juna, ta ce ita mijinta take kallo a ranar da ya sa lambar farko, ba ƙyallen ba. Majalisar Zartarwa ta yanke cewa ba za ta yi canki ba, domin ɗora wa mutum fagen da bai je ba, ko raba shi da wanda ya zubar da jini a cikinsa, zalunci ne da marigayiyar ba za ta yarda da shi ba. An kulle ɗakin, an hana shara da buɗe taga. Muna roƙon masu amana su yi mana haƙuri, muna kuma roƙon duk wanda ke da ilimin nan, ko a ina yake, ya taimaka ya zo.

Ga 'ya'yan marigayiyar, da jikokinta, da ƙannenta, ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta, tare da neman afuwa ta musamman. Bayan jana'iza babbar 'yarta ta zo karɓar lambar aikin jinya ta mahaifiyarta, sai muka tarar ashe ita ma a akwatin nan aka ajiye ta, tana kan teburin, a warware kamar sauran. Ƙarfen kawai muka iya sa mata a tafin hannu, ta karɓa ta yi mana godiya.

Allah Ya jiƙan Inna Nas, Ya gafarta mata, Ya sa jinyar da ta yi wa bayinSa ta zame mata haske a kabari, Ya ba iyalanta da mu juriyar wannan rashi.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Mai Girma Shugaba da Majalisar Zartarwa,
Ƙungiyar Masu Adana Lambobin Yabo na Soja da na Farar Hula.