Rijiyar da Ta Yi Zartsi

Litinin, 3 ga Safar 1373
Na gama littafin labarin nan na Larabci da Idris mai kantin littattafai ya ara mini. Abokai biyu, rijiya ɗaya tsakanin gidajensu. Ɗaya ya yi wa ɗaya shaidar zur, washegari ruwan ya yi zartsi. Idris ya ce tunda ni malamin makaranta ne, in rubuto masa ma'anar abubuwan da marubucin ya ɓoye.

Laraba, 5 ga Safar
Na rubuta: rijiya abota ce, zartsi cin amana, igiyar gugan da ta tsinke zumunci. Na karanta wa matata Sa'adiya tana tsintar shinkafa. Ta ce, "Malam, to me ya sa maci amanar kaɗai ke jin gishirin? Ai ka ce mutanen gari suna sha lafiya." Na koma na duba. Gaskiyarta. Sau biyu na karanta wurin ban lura ba.

Alhamis, 6 ga Safar
Ban buɗe littafin ba.

Lahadi, 9 ga Safar
Ba ruwan ne ya canza ba, bakin mutumin ne.
Bari in rubuta, ba mai gani. Ni da Dawuda tare muka taso daga Kano a ƙafa, shekara huɗu muna tsinkar auduga a Sudan kafin mu ga Ka'aba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, jakar wani alhaji ta ɓace a Mina, aka kama shi. Ya ce a lokacin muna tare a Muzdalifa muna ɗiban ruwa. Haka ne kuwa. Alƙali ya tambaye ni. Ba ni da takardar zama, na ji tsoron a jefa ni jirgi a mayar da ni gida. Na ce ban gan shi ba ranar. Shekara uku ya yi a kurkuku, ya fito da tari. Sa'adiya ta ɗauka faɗan kasuwa ne ya raba mu.

Juma'a, 14 ga Safar
Sa'adiya ta haɗu da Hajara, matar Dawuda, a Harami. Wai Dawuda ya fara aman jini. Layi uku ne tsakaninmu a nan unguwar Tandabawi. Na san duk lungun da ake bi a kauce wa ƙofarsa.

Lahadi, 16 ga Safar
A ƙarshen littafin maci amanar ya shiga rijiyar ya yashe ta, ruwa ya dawo da daɗi. Na gaya wa Idris ƙarya ce, kansa kawai marubucin ya tausaya wa. Ashe har na ɗaga murya. Ya ce, "Ya sheh, labari ne fa. Me ya yi zafi?" Na mayar masa da abinsa, ban ba shi takardar da na rubuta ba.

Talata, 18 ga Safar
Na je gidan Dawuda. Hajara ta daɗe tana kallona kafin ta matsa daga bakin ƙofa. Yana kwance a tabarma, ƙashi da fata. Ya ce, "Ka tsufa, Mukhtaru." Na soma maganar da na shirya a hanya, ya ɗaga hannu. "Ba yau ba." Bai ce ya yafe ba.
Hajara ta rasa mai taya ta juya shi, bayansa duk gyambo. Na ɗaga shi. Ba nauyi ko kaɗan.
Gobe bayan La'asar za a sake juya shi, zan koma. Hajara ba ta da ƙarfi ne, shi ke nan dalili.