Muryar Salamatu

Droum, Litinin

Zuwa ga Malam Tahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Birni. Na ba direban kasuwa wasiƙar nan, don layin waya ya yi mana wuya.

Binciken da kake duba mini yana tafiya. Yaran kolej sun saba da manhajar: su yi magana da Ingilishi, ta saurara, ta nuna musu inda lafazi ya karkace. Kamar yadda muka shirya, kowa yana faɗin abin da ya gani a muhallinsa, wani tabki, wani leda, wani zaizayar gona.

Amma akwai matsala a muryoyin da na turo maka. Salamatu, yarinyar da da ƙyar take buɗe baki a aji, ita ta fi kowa. Sai dai abin da ta faɗa shi ne babanta, Malam Inusa, ya sare gawo ya ba shanunsu ganye, don ciyawa ta ƙare. Ka san dokar da ta hana sare gawo. Don Allah a cire muryarta.

Ɗalibarka,
Ummul Khairi

Zinder, Alhamis

Malama Ummul Khairi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Saƙonki ya makara. Shekaranjiya na kunna wa abokan aiki muryar, har da wani jami'in gandun daji da muka gayyato. Ya tambayi garin, na ce Droum, ban faɗi suna ba.

Maganar cirewa kuma, ki sake tunani. Sauran yaran ci gabansu kaɗan ne. Wannan muryar ce ke nuna manhajar ta yi aiki, kuma yaro ya gane abin da ke faruwa da ƙasarsa. In babu ita, ban ga abin da za ki kare gaban malamai bana ba. Sai mu sauya mata suna.

Na gaishe ki,
Tahiru

Droum, Talata

Malam,

Sallama da gaisuwa.

Ranar Lahadi ma'aikatan gandun daji suka zo suna zagaya gonaki. Ba su kama kowa ba, amma sun tsaya a kan kututturen, sun ɗauki hoto. Jiya Malam Inusa ya shigo har cikin aji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madan, karatu na kawo ta, ko shaida a kaina?" Ya kama hannun Salamatu suka fita, tana kallona.

Yanzu gari ya ɗauka wayata ta leƙen asiri ce. Yau na miƙa ta, babu yaron da ya karɓa.

Sauya suna ba zai ɓoye murya ba, Malam, duk Droum an san ta. Na goge tawa. Saura wadda ke hannunka. Ni na ce wa yaran nan su faɗi gaskiya, ba abin da zai same su.

Ka huta lafiya,
Ummul Khairi

Zinder, Juma'a

Malama,

Salam. Jami'in ya dawo, yana son ya sake saurare. Na ce masa muryar yara ce aka ba mu amana, kuma na goge. Bai ji daɗi ba, ban kuma san ko zai bar maganar ba.

Kare bincikenki sai baɗi. Ki sani.

Ki tambayar mini Malam Inusa ko zai karɓe ni in zo da kaina.

Tahiru

Droum, Lahadi

Malam,

Ina gaisuwa. Na je. Na samu Malam Inusa a gida, Salamatu tana daka a bayan darni. Kan komawarta lakwal, wato makaranta, ya ce sai ya ga idonka.

Ya ce ka zo Laraba bayan la'asar, amma ka bar wayarka a mota.

Ummul Khairi