Tukunyarki Ta Je Haikali

Zuwa ga Anti Mina,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko kina da rai ma Hausar da kika iya ba ta wuce sannu da na gode ba. Duk da haka ke nake so in faɗa wa.

Unguwarmu Erdington na nan yadda kika bar ta. Mijinki Baba Ramesh yana nan, sai dai rawar hannun ta ƙaru. Bara gidanku bai yi bikin fitilu na Diwali ba saboda makokinki. Bana na ga ya jera ƙananan fitilunki a bakin taga, ya kasa kunna ashana, sai na shiga na kunna masa. Ɗanku bai samu hutu daga Manchester ba.

Washegari ita ce ranar da kowane gida ke kai girki haikalinku, a jera a kan matakala ya zama kamar dutse. Shekara da shekaru kina kai alewarki ta garin alkama da man shanu. Baba bai roƙe ni ba. Tukunyarki kawai ya sauko da ita, ya zauna yana kallonta. Wa zai ga haka ya koma gidansa ya rufe ƙofa?

Na yi wanka, na dafa yadda kika koya mini. Amma kin san hannun matar ƙasarmu. Ban ankara ba na ɗiga a tafin hannu na lasa. Sai na tuna yadda kike buge mini hannu, kina cewa abin da za a kai haikali ba a ɗanɗana shi kafin a miƙa. Baba bai gani ba. Ba wanda ya gani. Na juye wa yarana wannan, na wanke tukunya, na sake daga farko.

Ni da Baba muka hau bas, tukunya a cinyata. Na cire takalmi a ƙofa, na riƙe masa hannu har gaba. Ƙararrawa, turare, ganga, kwanuka ba iyaka, yara suna ta guje-guje cikin sababbin kaya. Ban durƙusa ba, ban yi waƙa ba. Na tsaya dai har ya ajiye alewarki a matakala ta uku, inda ya ce nan ne wurinki.

Wani ya ɗauki hoto, hoton ya kai wayar matan cocinmu. Shugabar zumuntar mata, Maman Joy, ta zo har gida. Ta ce ko dai in tsaya ranar Lahadi gaban mata in nemi gafara, ko su cire ni daga zumunta. Shekara goma sha ɗaya ina cikinta, Anti. Su ne dangina a ƙasar nan.

Ba zan tsaya ba. Gafarar me? Ranar da Bitrus mijina ya faɗi a banɗaki, wa ya kira motar asibiti? Wa ya riƙe mini yara mako uku? Ranar jana'izarsa kin zauna a kujerar baya ta cocinmu da farin zane, ba wanda ya ce kin bar addininki. Yesun da na shiga da shi haikalin, da shi na fito.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk alewar da kike kawo mini daga haikali, a kwandon shara nake zubarwa don tsoro, in ce miki ta yi daɗi. Kin sani ne kika yi shiru?

Da aka gama addu'a aka raba abinci, Baba ya sa mini ɗan curin alewarki a hannu. Na riƙe shi har cikin bas. Muna wuce unguwar Sparkbrook na ci. Sukari ya ɗan yi kaɗan, laifina ne tunda ban ɗanɗana ba. Amma ta yi daɗi, kuma wannan karon ba ƙarya na yi miki ba.

Baɗi zan ƙara sukari. Ki huta lafiya.

Maƙwabciyarki ta ƙofa mai kallon taki,
Rifkatu