Kanya Ta Nuna

Daren Laraba, Rimawa.

Tun da birai suka faɗa wa masararsa ta rani, maƙwabcina Tanko yake rantsuwa sai ya sare itatuwan da mutanen gari muka dasa a bakin gulbi shekarun baya. Na roƙe shi ya jira kanya ta nuna.

Yau da la'asar ya leƙo, ya ce, "Baba, mi kake yi cikin ɗaki? Taso." Ya ɗora ni bisa babur, yana tafiya sannu saboda ƙuguna. Muka iske birai bisa kanya suna ta ci, babu ko ɗaya a gonar. Ya yi dariya, ya ce gatarinsa ya huta.

Da muka dawo gida, nan ya zauna muka ci tuwo. Tun rasuwar mai ɗakina ban sa hannu kwano guda da kowa ba sai yau.