Fitsari yana kufce mini, maigidana ya ɗauka raina shi nake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ko uwar da ta haife ni ban iya gaya wa ba.

Ni tela ce a unguwar Talladjé, 'ya'yana huɗu. Tun da na haifi autana wata takwas ke nan, in na yi tari ko dariya, ko na ɗaga bidon, wato jarkar ruwa, sai fitsari ya kufce mini, ba da yawa ba amma yana jiƙa zane. Ga farin bana, pampon unguwarmu sai ya kwana uku bai kawo ba, dole in ɗebo a maƙwabta. Sai na rage shan ruwa cikin zafin nan don kar fitsarin ya riƙa kufcewa, har ran nan jiri ya kayar da ni ina kan keken ɗinki. A dispansar, ƙaramin asibiti, na daure na gaya wa ungozoma, kaina a ƙasa. Ta zana mini a takarda, ta ce akwai tsokar da ke tallafe da mafitsara daga ƙasa, da wadda ta zagaye hanyar fitsari tana tsuke ta, haihuwa ce ta sassauta su. Ta ce: "Madam, wannan ba yoyon fitsari ba ne, yana gyaruwa." Ta koya mini in riƙa matse wurin ina saki kullum, in sha ruwa, in bar ɗaukar nauyi, kuma in zo da maigida.

To nan ne matsalar. Maigidana direban babbar mota ne, tun da sojoji suka hau mulki aka rufe iyaka yake zaune gida. Don tsoron kar ya ji wari na daina zama kusa da shi, in ya yi mini wasa sai in ɗaure fuska kar dariya ta zo, har shimfiɗa na raba. Shekaranjiya ya ce ya gane, tunda ba ya fita aiki na raina shi, in na gaji da zama da shi in faɗa kawai. Tun ranar bai ƙara cin tuwona ba, kuma mutumin nan shekara goma sha biyu bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Yaya zan yi? In gaya masa da bakina, ko in ja shi dispansar ungozoma ta faɗa? Waɗanda abin ya taɓa samu, da kuka faɗa, mazanku sun ƙyamace ku?