Gorata Ba Ta Shanya Ba Ce

Asabar da dare, Kudenda.

Ɗana Bitrus ya kawo min sandar fatsa ta kanti, har da kifin roba. Wai in bar wa matarsa tsohuwar gorar da nake fatsa da ita ta tokare igiyar shanya. Na ce mu je kogi ya raba mu.

Ya yi ta jifa har la'asar, ko motsi. Ni na maƙala 'yar karfasa mai rai a ƙugiyar gorata ta gadon bayanta, yadda babana ya koya min, na sake ta a gindin dutse. Giwan ruwa ya haɗiya, sai da muka ja shi mu biyu.

"Baba, sa'a ce kawai."

"To, ɗauki sa'ar ka kai wa matarka ta soya."

Kafaɗata na zogi, ban gaya masa ba. Gorar dai tana ƙarƙashin gadona.