Aljihun da Aka Yi wa Baba

New Bell, Duwala, Mayu 1991

Yaya Raudatu,

Ke da kika yi lekol, kika karanta Faransanci, gaya mini, mene ne "poche"? Sannan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Garwa?

Baba ya dawo daga asibiti, amma ya daina fita. Mafitsararsa ta daina aiki, sai likita ya karkatar da fitsarin ta wata 'yar ƙofa gefen cibiya, yana zuba cikin jakar roba. Kawu Badamasi ne ya yi tafinta kafin aikin, wai shi mai Faransancin ofis. Likita ya ce "poche", shi kuma ya ce wa Baba ɗan aljihu za a yi masa. Baba, telan da ya tsufa a kasuwar Marché Congo, ai ya san aljihu: abu ne na ciki, ɓoyayye. Har dariya ya yi, wai likita ya kula da ɗinki. Ya farka ya ga jaka a waje.

Na duba ƙamusina na gwanjo, kalmar tana ɗaukar duka biyun, aljihu da jaka. Kuskure Kawu ya yi? Ban yarda ba. Yanzu Baba ya ce ba shi da tsarki, ya bar masallaci. Liman ya zo da kansa ya ce sallar mai lalura ta yi, Baba ya juya wa bango fuska. Ga gari a rufe saboda zanga-zangar siyasa, ana ta ƙona taya, jakar canji ma sai an sha wuya.

Ƙanenki,
Zailani

New Bell, Yuni 1991

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah Ya sa kuna lafiya. Ni dai ba ƙalau nake ba.

Jiya bakin Inna ya suɓuce. Ashe ke kika buga wa Kawu waya ofis, kika ce kada ya ambaci jaka, don Baba zai gwammace mutuwa. Wataƙila haka ne. Ni ma ban so ya mutu ba, wallahi. Amma cikinsa ne, Yaya, ba naki ba!

Baba ya hau keken ɗinki ya ɗinka aljihu cikin rigarsa ta Juma'a, daidai jakar. Rigar tana rataye. Ya rantse ba zai sa ta ba sai wanda ya yaudare shi ya faɗa da bakinsa. Kowa yake zargi, har ni da nake wanke masa wurin.

Ban faɗa masa ba, kuma kada ki turo mini wasiƙa. Ki zo ki tsaya tsakar gida, gaban Baba da Kawu da dangi, ki amsa: wa ya ba ki izinin zaɓar masa kalma?

Naki, duk da haka,
Zailani